Amsar Kawu kan gayyatar cin abinci a Japan

Ɗana, saƙonka ya iso. Na yi dariya har Gwaggonka ta leƙo ta ga lafiya, daga baya kuma abin ya tsaya mini a rai. Wai in ka je Osaka karatu aka gayyace ka gida, ko laifi ne ka ce a ƙoshe kake, tunda an ce ɗanyen kifi suke ci, kuma ko dole ne ka sunkuya in za ku gaisa. Ko jirgi ba ka hau ba, har ka fara shirin ƙin abincin mutane?

Garin nan na san shi. A shekarun 1970 masaƙar da nake aiki a Kaduna ta tura mu can koyon gyaran injin saƙa, don Japanawa na da hannu a kamfanin. Daga Tokyo muka hau jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya, Shinkansen, wanda suka buɗe tun 1964. An kai mu Kyoto mun ga ɗakin bautarsu da aka lulluɓe da zinariya, an kai mu Nara inda barewa ke yawo cikin jama'a ba mai taɓa su. Duk wannan kallo ne.

Abin da ban manta ba, wani dare ne cikin sanyi da shugaban sashenmu ya kai ni gidansa. A bakin ƙofa muka tuɓe takalma, matarsa ta durƙusa ta juya nawa suka fuskanci waje, don in na tashi tafiya in zura kawai. Dattijuwa ce fa, ta kusa haifata. Muka zauna a ƙasa kan tabarmarsu mai kauri, gaban wani gajeren tebur mai bargo da ɗumi a ƙarƙashinsa. Sai maigidan ya ce mini tun farkon mako take tambaya me Musulmi ba ya ci. Ba alade, ba giyar shinkafar da suke ɗigawa a girki, har tukunya sabuwa ta sayo.

Ga farar shinkafa, ga romon waken suya, ga gasasshen kifi, ga kuma ɗanyen nan da kake tsoro, an yanka shi siri-siri an jera gwanin sha'awa. Ana dangwala shi a baƙin ruwa mai gishiri da ɗan koren yaji, wasabi. Shi ba harshe yake kamawa ba kamar barkonon gida, hanci yake hawa har sai ka yi ƙwalla. Na ci, kuma babu ƙarni ko kaɗan. Da ta ga tsinkayen cin abincin suna ba ni wuya, ta tashi ta kawo cokali ba tare da ta ce uffan ba. Yanzu ka ce mini da wane baki zan ce wa wannan baiwar Allah na ƙoshi?

Kakanka, Allah ya jiƙansa, yakan ce in ka je gari ka ga kowa da jela, nemi taka ka ɗaura. Amma yakan ƙara da cewa ban da abin da Allah ya hana. Saboda haka ka faɗa musu tun kafin ranar abin da ba ka ci, suna son a gaya musu da wuri. Taliyar nan ta ramen ka riƙa tambaya, don yawancinta da romon alade ake yi. Kada ka soke tsinkaye a tsaye cikin shinkafa, mamaci suke yi wa haka.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu, ku je ƙasar mutane ku kulle kanku a ɗaki da Indomie da waya, ku dawo da hotuna amma ba ku san gidan kowa ba. A nan ma haka kuke, a kawo muku tuwo a gidan dangi ku ce kun ci a hanya. Mu da aka ce mana shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, an koya mana baƙo ma da tasa fuskar da zai shimfiɗa.

Batun sunkuyawa kuwa, ni kai nake ɗan rusunarwa, ban taɓa kaiwa ga ruku'u ba, kuma ba wanda ya ji haushi. Hukuncinsa ka tambayi malamai. In ka isa, ka je masallacin Kobe, ba nisa da Osaka, wanda aka gina a 1935 ya tsira daga yaƙi da girgizar ƙasar 1995. Za ka samu waɗanda suka daɗe a can.

Kilishin da uwarka ke shirin haɗa maka a bar shi, ba sa barin nama ya shiga ƙasar. Ka sayi ƙananan kayan fata a kasuwar Kurmi, don ba a shiga gidansu hannu rabbana. Ka biyo ta nan kafin ka tashi.