Gudu nawa doka ta yarda a yi a babban titin da ya ratsa unguwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Kurmin Mashi, Kaduna, dab da titin Nnamdi Azikiwe da muke kira baifas. Kullum yaranmu sai sun tsallaka shi zuwa makaranta da Islamiyya, ga tireloli da tankokin mai suna sharara gudu. Direbobi na cewa babbar hanya ce, kilomita 100 doka ta ba su. Haka ne? Kuma idan mun haɗa kuɗi mun gina tudun rage gudu da kanmu, akwai laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Direbobin sun karanta rabin doka ne suka rufe littafi. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ba ƙaramar mota kilomita 100 a awa a kan tagwayen hanya na gudu, 80 a babbar hanya, amma 50 kacal a cikin gari. Tirela da tanka kuwa 60 ne iyakarsu ko a buɗaɗɗiyar hanya, a cikin gari 45. Saboda haka babu inda aka yarda tanka ta yi 100.

Matsalar titinku ita ce an gina shi don ya kewaye gari, sai gari ya bi shi ya haɗiye. Yau daga Kabala West zuwa Mando gidaje ne, shaguna, masallatai da garejin makanikai a bakin kwalta. Sunan baifas ne ya rage, amma duk injiniyan da ya tsaya a wurin da hantsi zai ce maka cikin gari ne.

Tsohuwar hanyar tsayar da iyakar gudu, wadda ta yaɗu daga Amurka, ita ce a auna motocin da ke wucewa, a ɗauki gudun da direbobi 85 cikin 100 ba sa wuce shi, a rubuta a allo. Ni ban yarda da ita ba a wuri irin naku, domin direba kaɗai aka tambaya. Yaron da ke tsaye a gefe da allonsa ba ya cikin lissafin.

Ga lissafin da ya shafe shi. Direba kan ɗauki kusan daƙiƙa ɗaya da rabi tsakanin ganin yaro da taka birki. Mai gudun 50 zai ci mita 21 kafin ƙafarsa ta kai birki, ya tsaya cak a wajen mita 35 idan titin a bushe yake. Mai gudun 80 kuwa sai ya ci mita 33 kafin ya taɓa birki, ya tsaya a wajen mita 70. Wato a daidai inda na farko ya tsaya, na biyu yanzu ya fara birki, kusan da duk gudunsa zai daki yaron. Wannan fa ƙaramar mota ce mai lafiyayyen birki, ba a zo kan tankar da ta ɗauko lita dubu 33 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta kaɗe yana ninkawa sau huɗu da rabi idan gudun ya tashi daga 50 zuwa 65. Shi ya sa taron ministocin ƙasashen duniya kan kiyaye haɗurran hanya da aka yi a birnin Stockholm na ƙasar Sweden a 2020 ya ba da shawarar kilomita 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa.

A ganina, 30 ba za ta yiwu a tsawon titin gaba ɗaya ba, hanya ce da ke ɗauke da kayan Kano da Zariya zuwa Abuja. Abin da ya dace shi ne 50 a kan titin, 30 a gaban makarantu da kasuwanni. Sai dai allo shi kaɗai ba ya rage gudu. Titi mai faɗi, miƙaƙƙe, shi ke kiran ƙafa ta danna totur. Na'urar ƙayyade gudu da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta fara tilasta wa motocin haya a 2017 ma ba ta magance wannan, don an saita ta ne a kan gudun babbar hanya.

Batun tudu, kada ku yi. Titin na gwamnatin tarayya ne, taɓa shi ba izini laifi ne. Tudun da aka yi da kankare ba fenti ba alama kan kayar da mai babur da dare, kuma tanka mai gudu ta hau shi tana iya kifewa, a ƙofar gidajenku.

Ku rubuta takarda da sa hannun mai unguwa da shugabannin makarantu, zuwa ga ofishin FRSC na jiha da kwanturolan ayyuka na tarayya a Kaduna, ku ba KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, kwafi. Kada ku tsaya a kan "ana kashe mu". Ku ambaci wurin da yara ke tsallakawa, da ƙarfe nawa, da haɗurran da kuka shaida da ranakunsu. Ku nemi danja mai tsayar da motoci don masu tsallakawa, da wurin tsayawa mai kariya a tsakiyar titi yadda yaro zai tsallaka hannu ɗaya ya huta, da fitilun dare. Idan gadar sama za a yi, ku dage a kafa ta inda mutane suka saba bi, a yi mata gangara maimakon matakala zalla, don tsoho da mai tura baro ba za su yi tafiyar rabin kilomita su hau bene ba. Kafin amsa ta zo, ku roƙi a turo jami'i da safe da lokacin tashi daga makaranta, ku kuma ware manya biyu da za su riƙa tara yaran suna tsallakar da su tare.