Ban taɓa aikin albashi ba, me zan ce na iya?

Tambaya: Na gama lisans a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Duk sanarwar aikin da na gani tana neman mai iya hulɗa da jama'a, mai haƙuri, mai iya aiki tare da wasu. Ni kuwa ban taɓa aikin albashi ba, sai tsare wa mahaifiyata shago a babbar kasuwa da riƙe littafin asusun matan unguwarmu. Me zan rubuta, kuma yaya zan faɗe shi ba tare da na zama mai yabon kai ba?
Wata matashiya daga unguwar Zariya, Maraɗi

Amsa: Ƙanwata, abin da kike nema yana cikin tambayarki, sai dai kin raina shi.

Mu fara da littafin asusun. Tsarin asusun mata na Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi ƙungiyar agaji ta CARE ta fara shi a 1991, daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama, don haka masu ɗaukar aiki a ƙungiyoyin raya karkara sun san nauyin da ke kan mai riƙe littafi. Ke ce mai rubuta zubi duk mako. Ke ce ake kallo ranar rabo idan lissafi bai cika ba. Ke ce kuma kike zuwa gidan matar da ta haife ki a shekaru, ki gaishe ta, ki tuna mata bashin da ya wuce lokaci, ki fito ba a ɓata zumunci ba. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi wuya. Da yawa masu manyan takardu ba su iya shi ba, kuma babu ajin da ake koyar da shi.

Shagon ma haka. Mai saye ya zo daga Jibiya da naira, kin mayar masa da farashi zuwa sefa a ka, ya yi ta ciniki har rai ya kusa ɓaci, ƙarshe ya saya kuma ya dawo wata kasuwar.

Kuskuren da nake yawan gani a takardun neman aiki shi ne jera halaye: mai gaskiya, mai haƙuri, mai himma. Kowa haka yake rubutawa, mai dubawa kuma ido kawai yake wucewa da shi. Ki cire su. Ki rubuta abin da ya faru, da adadinsa na gaskiya: mata nawa ne a ƙungiyar, shekara nawa kika riƙe littafin, sau nawa aka yi rabo ba gardama. Gani ya kori ji. Mai karatu da kansa zai ce wannan mai amana ce.

Nan ne kuma maganin tsoron da kike ji. Gaskiya ne an tashe mu a kan yabon kai jahilci, kuma ba na son ki zubar da kunyarki. Amma ba da labarin aikin da kika yi ba yabon kai ba ne, shaida ce. Ranar ganawa, idan aka ce ki kawo misalin saɓanin da kika sasanta, ki faɗi yadda lamarin yake, abin da ke kika yi, da yadda aka ƙare. Ki lura da "mun yi, mun yi" da muka saba. Inda ke kika yi, ki ce "na yi". Ki shirya labari 2 ko 3 tun a gida, ki maimaita su da Faransanci da babbar murya gaban wata ƙawarki, domin sau da yawa da shi ake ganawar, kuma labarin da ke da daɗi da Hausa yakan tsinke a baki idan ba a gwada shi ba.

Kada ki manta da rubuta Hausar kanta cikin harsunan da kika iya. Wanda zai tura ki ƙauyukan Madarunfa ko Dakwaro yana buƙatar wadda za ta zauna da mata a tabarma su saki jiki da ita.

Kada ki ƙara gishiri ko kaɗan, Maraɗi kowa ya san kowa, kira ɗaya ya isa a gano. Ki nemi izinin shugabar ƙungiyarku ki sa ta cikin masu ba da shaida a kanki, tare da wani malaminki na jami'a. Sannan ki je ofishin ANPE, hukumar ƙasa mai kula da samar da aikin yi, ki yi rajistar mai neman aiki, ki tafi da takardar da kika gyara a hannu.