Zaman Ƙetare: Na Sayi Gida a Kanada, Na Tarar da Injin Ɗumama Gidan Na Haya Ne

Tambaya

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan Kano ne, ina zaune a Brampton da ke lardin Ontariyo. A 2021 Allah Ya hore mini na sayi gida. Ban yi wata biyu da tarewa ba sai ga takardar biyan kuɗi daga wani kamfani, wai hayar tankin ruwan zafi dala 36 a wata, hayar injin ɗumama gida dala 89. Idan aka ɗora haraji abin yana kai dala 141 da 'yan kai. Tun daga lokacin nake biya. Bana na kira su na ce na gaji, su zo su kwashe kayansu. Suka ce babu wannan maganar, sai dai in saye kayan: injin dala 5,900, tankin dala 600. Tankin nan tun 2013 aka sa shi, injin kuma 2019. Ni ban taɓa zama da su ba, ban sa musu hannu a kan komai ba. Wani abokina ya ce in daina biya kawai, in ciro tankin in ajiye musu a bakin gareji. Na shiga gaba kura baya sayaki. Mece ce mafita?

Mai karatu daga Brampton

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Shawarar abokin nan naka ajiye ta a gefe tukuna, zan faɗa maka dalili. Amma bari mu fara da wurin da ka ce ba ka sa hannu ba, domin a nan mafi yawan mutanenmu suke faɗawa rami.

Je ka ɗauko fayil ɗin da lauyanka ya ba ka ranar da ka karɓi makulli. A ciki akwai takardar cinikin gidan, wadda kai da mai sayarwa kuka sa wa hannu. A fom ɗin da dillalan gidaje na Ontariyo suka saba amfani da shi akwai wani sashe na kayan haya, 'yan layuka ne kawai, a kusa da inda ake lissafa firji da injin wanki da labulaye. Abin da sashen yake cewa shi ne kayan da aka rubuta a nan ba sa cikin kuɗin gidan, na haya ne, kuma mai saye ya yarda zai ci gaba da yarjejeniyar hayar idan irin wadda ake iya gada ce. Sau da yawa dillali haruffa uku kawai zai rubuta, HWT, ma'ana tankin ruwan zafi. Mutum yana cikin zumuɗin gida, ana nuna masa a allon waya inda zai danna, ya danna, ya wuce. To idan tankin da injin duk suna rubuce a wurin, ka yi alkawarin ɗaukar nauyinsu, kuma biyan da ka yi ta yi tun 2021 ya ƙara ɗaure ka. Idan kuwa tankin ne kaɗai a rubuce babu injin, magana ta canza: wanda ya sayar maka ya sayar da abin da ba nasa ba ke nan a cikin kuɗin gida, kuma shi ya kamata ya biya kuɗin sayen. Sai dai a Ontariyo yawancin ƙararraki irin wannan wa'adinsu shekara 2 ne daga ranar da mutum ya gano matsalar, kai kuwa tun takardar farko ka gano. Duk da haka nuna wa lauyan da ya yi maka cinikin, ka kuma tambaye shi ko inshorar mallakar gida da aka saya maka ranar tana da abin cewa.

Daga nan ka rubuta wa kamfanin, ta imel ko wasiƙa mai rajista, ba ta waya ba. Ka nemi kwafin yarjejeniyar kowane ɗaya daga cikin kayan biyu mai ɗauke da sa hannun wanda ya fara karɓa, da ranar da aka sa kayan, da jadawalin kuɗin saye na shekara-shekara. Yarjejeniyoyin nan ba iri ɗaya ba ne ko da a kamfani guda. Tsofaffin da yawa suna ba mutum dama ya mayar da tanki ya rufe asusu, ko kyauta ko da ɗan kuɗin ɗauka. Na baya-bayan nan kuma da yawansu babu ƙofar fita sai ta saye, kuma wa'adinsu ba shekaru ƙididdigaggu ba ne, "tsawon rayuwar kayan" suke rubutawa. Yarinyar da ta amsa maka waya abin da ke gabanta a kwamfuta take karantawa. Takarda ce za ta raba gardama.

Wannan al'ada ta hayar tanki, wadda baƙo ke gani kamar almara, tsohuwa ce a Ontariyo. Kamfanonin gas ne suka fara ta shekaru da dama da suka wuce don jawo mutane su koma amfani da gas, daga baya sashen hayar ya koma hannun wasu kamfanoni. A yawancin sauran lardunan Kanada mutane saye suke yi, su kira mai gyara idan ya lalace. Rigimar fita daga hayar ma ba da kai aka fara ba. A 2012 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Kanada ta shigar da ƙarar manyan kamfanoni biyu, Reliance da Direct Energy, bisa zargin sun kafa wa masu son mayar da tanki shingaye: sai ka kira an ba ka wata lamba ta musamman, wuraren karɓar tankin ba sa buɗewa sai 'yan sa'o'i, ga kuɗaɗe kala-kala. A 2014 Reliance ta amince ta biya tarar dala miliyan 5, a 2015 Direct Energy ta biya miliyan 1. Na kawo wannan ne don ka san cewa idan aka ce maka "ba ma karɓa", kana da hurumin cewa a nuna maka layin da ya faɗi haka.

Yanzu lissafi, kuma ka raba kayan biyu, kada ka haɗa su a kwando ɗaya.

Tankin ya haura shekara goma. Irinsu sukan yi shekara 8 zuwa 12, wasu su ɗan zarce. Sauka ɗakin ƙasa da tocila ka duba gindinsa. Idan ka ga tsatsa a kewayen bututun da ke shiga ta sama, ko wani farin gishiri-gishiri ya bushe a siminti, ko kana jin yana ƙara kamar ana soya gyaɗa a ciki idan ya kunna, kwanansa ya kusa ƙarewa. Ba da dala 600 a kan wannan asara ce. Dala 36 a wata dala 432 ce a shekara, tsakanin kai da mai gidan na da an biya kuɗin tankin nan ninki ba ninki. Abin da za ka nema shi ne mayarwa. Kuma ka yi hattara da tayin da za su yi maka, domin za su yi: "Za mu canza maka sabo kyauta, har da wata shida babu biya." Sabon tanki sabuwar yarjejeniya ce, agogo ya koma farko, kuma galibi da sharuɗɗan da suka fi na da tsauri. Haka idan tankin ya fashe da tsakar dare a watan Janairu, kana tsaye cikin ruwa, duk takardar da aka miƙo maka sa hannu za ka yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Nemo farashin sabon tanki tun yanzu daga masu sakawa biyu ko uku.

Injin ɗumama gida kuma shi ne mai wuya. Dala 89 a wata dala 1,068 ce a shekara kafin haraji. Kuɗin sayen da suka yanka maka daidai yake da hayar shekara biyar da rabi. Injin gas irin wannan yakan yi shekara 15 zuwa 20, naka kuwa na 2019 ne, wato da sauran kusan shekara goma a gabansa. Hayar shekara goma ta haura dala 10,000, ba a ma sa ƙarin da yarjejeniyar ke ba su damar yi duk shekara ba. Idan za ka daɗe a gidan, saye ya fi. Abin da za ka rasa shi ne gyara kyauta, kuma ba zan raina shi ba: injin da ya mutu ranar da sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, da yara a gida, ba wasa ba ne, kuma a nan ne haya take da rana, ka buga waya su zo ba ka biya ko sisi ba. Amma abin da ka rage duk wata, idan ka ware rabinsa a asusu, zai ishi gyara. A ganina haya tana amfanar wanda ba shi da kuɗin saye a hannu yau, ko wanda zai bar gidan nan kusa kuma mai saye ya yarda ya gada. Sauranmu tsadar kawai muke sha.

Kuɗin sayen ma ba wahayi ba ne. Idan ka samo rubutaccen farashin sabon inji daga wani wuri, ka tura musu, ka ce kana so a haɗa ka da sashen da ke kula da masu shirin barin kamfani. Wani lokaci suna ragewa, wani lokaci a'a. Taya dai ba laifi ba ne, kai ɗan Kano ne, ba sai na koya maka ba. Duk abin da kuka tsayar a rubuto maka, kuma bayan ka biya ka karɓi takardar da ke cewa kayan sun zama naka, an rufe asusu, babu sauran bashi. Adana ta tare da takardun gidan, ranar da za ka sayar lauyan mai saye zai tambaye ta.

Dalilin da ya sa na ce ka ajiye shawarar abokinka: idan ka daina biya, ba za su zo su yi rigima da kai a ƙofa ba. Za su miƙa sunanka ga masu karɓar bashi, labarin ya isa Equifax da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, makin amanarka da bankuna ke dubawa ya faɗi. Ka sayi gida a 2021, idan bashin gidanka na wa'adin shekara 5 ne kamar na yawancin mutane, sabuntawa na tafe, kuma a lokacin ne za ka so ka zagaya bankuna neman sauƙi. Ci gaba da biya, kana rubuta musu cewa kana biya ne alhali kana jayayya. Ciro tanki kuwa, bututun gas ne a jikinsa, aikin mai lasisin TSSA ne, hukumar da ke sa ido kan aikin gas a lardin. Idan an ciro, ɗauki hoton tankin ta kowane gefe da lambar da ke jikinsa, a kai inda suka ce, a karɓo rasit mai kwanan wata. Tankin da aka ajiye a bakin gareji babu rasit, a littafinsu yana nan a gidanka yana cin haya.

Idan sun ƙi turo yarjejeniyar, ko sun ci gaba da cajin ka bayan ka mayar, ka kai ƙorafi ofishin kare haƙƙin masu saye na lardin, Consumer Protection Ontario. Za su fara tambayarka ko ka rubuta wa kamfanin, shi ya sa nake ta nanata rubutu. Bayan nan akwai ƙaramar kotun da'awar kuɗi, wadda mutum ke iya shiga ba lauya.

Tambaya

Malam, barka da aiki. A 2022 wani mutum ya ƙwanƙwasa mana ƙofa a Hamilton da riga mai tambari, ya ce ya zo duba injin ɗumama gida ne saboda wani tallafin gwamnati. Maigidana ya sa hannu. Kashegari suka cire namu suka sa nasu, ashe hayar shekara 10 ce. Yanzu muna so mu sayar da gidan, an ce mana sun yi rajistar wani abu a kan takardar mallakarmu. Gidan ya zama jingina ke nan?

Mai karatu daga Hamilton

Amsa

Hajiya, kwantar da hankalinki, matsayinku ya fi na ɗan'uwanmu na Brampton ƙarfi. Tun 1 ga Maris 2018 Ontariyo ta haramta tallar waɗannan kaya ƙofa-ƙofa ba tare da gayyata ba: injin ɗumama gida, na sanyaya ɗaki, tankin ruwan zafi, matatar ruwa da makamantansu. Yarjejeniyar da aka ƙulla ta wannan hanya ba ta da inganci a doka, kuma mai gida na iya riƙe kayan ba tare da wani nauyi a kansa ba. Inda za a ja daga shi ne ko ku kuka kira shi. Masu wannan sana'a sukan sa mutum ya sa hannu a wata takarda da ke cewa shi ya gayyace su, ko su bugo waya a ɗauki muryarsa yana amsa "e, e". Don haka ki zauna da Alhaji ku rubuta yadda abin ya faru daki-daki, da rana da lokaci, da abin da mutumin ya faɗa game da tallafin, ku duba ko kyamarar ƙofa ko wani maƙwabci zai tabbatar.

Abin da suka yi wa rajista shi ake kira NOSI, sanarwa ce cewa kamfani na da haƙƙi a kan wani kaya da ke manne da gidan. Ba jinginar gida ba ce, amma a da tana tsayar da ciniki cak, har sai an biya abin da suka yanka, wani lokaci ninkin kuɗin kayan sau da yawa. A watan Yuni 2024 lardin ya yi dokar da ta hana yin irin wannan rajista a kan kayan amfanin gida, ta kuma ɗauki waɗanda aka riga aka yi a matsayin sun ƙare. Lauya na iya nema a goge ta daga takardar. Sai dai rajistar kawai dokar ta kashe, ba ta taɓa yarjejeniyar kanta ba, wannan sai kun bi ta hanyar da na faɗa a sama.

Kada ku bari sai an sa ranar miƙa makulli, domin a lokacin matsi zai sa ku biya don kawai ciniki ya tafi. Ƙungiyar lauyoyin Ontariyo tana haɗa mutum da lauyan da zai saurare shi minti 30 kyauta, Pro Bono Ontario ma na da layin waya na shawara kyauta. Ku je da yarjejeniyar, da duk rasit ɗin da kuka biya tun 2022, da kwafin takardar mallakar da ke nuna rajistar, kuma ku tambayi lauyan nawa za a iya dawo muku da shi daga abin da kuka riga kuka biya, don neman wannan ma yana da wa'adi.