Shago ya hana ni barci

Tambaya: Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, yara uku gare ni a shago. Kullum da ciwon kai nake komawa gida, waya ba ta hutawa, masu bashi sai gobe-gobe, farashi kuma ba ya kwana inda ya yini. Har na fara yi wa yara tsawa a gaban masu saye. Ina mafita?

Amsa: Alhaji, sannu da fama. Ba yawan aiki ne kaɗai ya gajiyar da kai ba. Kanka ne littafin shago, shi ne akawu, shi ne mai bin bashi, shi kuma kai ba a sa masa kwaɗo da magariba.

Fara da bashi, don shi ya fi cin rai. Samu littafi guda, kowane mutum da shafinsa: ranar da ya ɗauka, turmi nawa, kuɗinsa, ranar biya. Abin da ke hannun mutane kada ya haura kashi ɗaya cikin biyar na jarinka, kuma wanda bai sauke na baya ba, ba a ɗora masa sabo, ko da surukinka ne. Ware hantsin rana ɗaya a mako don kiran masu bashi. Sauran kwanakin, in tunaninsu ya zo maka da tsakar dare, ka san yana rubuce kuma yana da ranarsa.

Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, wato aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajarta, mai sayar da kayan waje da ya dogara da farashin da ya saro yana cinye jarinsa bai sani ba. Ɗora ribarka a kan kuɗin da za ka sake saro kayan yau. Tambayi dila sau ɗaya da safe, ka rubuta wa yara farashin kowane kaya da ƙarshen ragi a takarda, ka manna a bayan kanta. Yawancin kiran da suke maka na "Alhaji, a bar masa a nawa?" zai tsaya.

Raba musu aiki: ɗaya kuɗi da POS, ɗaya sito, ɗaya masu saye. Kaya ba sa fita sai an ga kuɗi sun shiga asusu, hoton alat a wayar mai saye ba shaida ba ne. Tsawar nan kuwa asara ce, yaron da aka kunyata a gaban mutane ɓoye kuskure zai koya, sai giɓi ya girma kafin ka gano. Bari a rufe shago, ku zauna minti goma sha biyar a yi lissafin ranar, a nan za ka yi gyara.

Yanka wa kanka albashin wata, cefane da kuɗin makaranta su fito daga ciki, ba daga aljihun ciniki ba.

Sai jiki. Goro, shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari bayan la'asar suna korar barci. Kishingiɗa minti ashirin bayan azahar, kashe wayar shago bayan isha. Ciwon kan nan kuma kada ka yi ta danne shi da Panadol. Je a auna hawan jininka; in ya kai 140/90 ko ya wuce a ranaku biyu daban-daban, ka ga likita a makon nan.