'Yan bayan Amurka a Firimiya: cancanta ce ko cushe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Manchester United ne. Tun ranar da Crystal Palace ta ɗauki kofin FA muke musu da wani abokina a gidan kallo. Shi yana cewa Chris Richards, Ba'amurken ɗan bayan Palace, ya fi rabin 'yan bayanmu, kuma ya kamata manyan ƙungiyoyin Ingila su koma Amurka sayen 'yan baya tunda akwai araha. Ni kuma na ce Amurkawa ƙwallon kwando suka iya, masu ƙungiyoyin ne Amurkawa shi ya sa suke cusa 'yan ƙasarsu. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da taka hujjar, domin ita ce mai saurin rushewa. Gaskiya ne Amurkawa sun mamaye mallakar ƙungiyoyin Ingila. Iyalan Glazer suna riƙe da ƙungiyarka tun 2005, Liverpool tana hannun kamfanin FSG na Amurka tun 2010, Arsenal ta Kroenke ce, Todd Boehly da abokan hulɗarsa suka sayi Chelsea a 2022. To ka duba da kanka, tun da Glazer suka zo, ɗan bayan Amurka nawa suka sayo muku? Jonathan Spector ma da ya taɓa sa jar riga, kafin zuwansu aka ɗauko shi, kuma a 2006 aka sallama shi ga West Ham. Mai ƙungiya kuɗinsa yake karewa, ba tutar ƙasarsa ba. Wuri ɗaya da maganarka ta ɗan yi kama da gaskiya shi ne Leeds a kakar 2022/23, lokacin da koci Ba'amurke Jesse Marsch ya tara 'yan ƙasarsu Brenden Aaronson da Tyler Adams, aka kuma aro Weston McKennie. Babu ɗan baya ko ɗaya a cikinsu, kuma ƙungiyar faɗuwa ta yi daga Firimiya a ƙarshen kakar.

Abokinka ya fi ka kusa da gaskiya a kan Richards, amma ya ɓata maganarsa da ya ce a tafi Amurka a yi sayayya. Ai shi Richards ba daga Amurka Palace ta sayo shi ba. A Alabama aka haife shi, ya yi makarantar horon FC Dallas, amma yana ɗan shekara 18 Bayern Munich ta ɗauke shi. A can ya koyi sana'a. Sau biyu aka ba Hoffenheim aronsa, ya sha gwagwarmaya a Bundesliga, sannan a 2022 ya iso Landan. Duk da haka bai shiga da ƙafar dama ba. Rauni ya hana shi zuwa gasar cin kofin duniya a Katar, kakarsa ta farko rabinta a ɗakin jinya da benci ya yi ta, har akwai lokacin da koci Roy Hodgson ya riƙa sa shi a tsakiyar fili don cike gurbi. Sai da sabon koci Oliver Glasner ya zo a Fabrairun 2024 ya koma tsarin 'yan baya uku, sannan aka ga ainihin yaron.

Ka tuna wasan ƙarshen nan na Mayun 2025 da kuke musu a kansa. Eze ya ci wa Palace ƙwallo tun a minti na 16, daga nan ƙwallo ta koma ƙafar Manchester City kusan har aka tashi. Golan Palace Henderson ya tare fenaritin Marmoush, kyaftin Guehi ya ji ciwo ya fita bayan an dawo daga hutun rabin lokaci. Richards kuwa yana nan a damansa, kuros ya zo ya sa kai, an buga ya miƙa ƙafa, Haaland ya matso ya bi shi kafaɗa da kafaɗa. Babu gwaninta, babu ɗaukar ƙwallo a yi yawo da ita. Aikin ɗan baya ke nan a ranar da ƙungiyarsa ba ta da ƙwallo, kuma da shi Palace ta ɗauki babban kofi na farko a tarihinta. Sai dai shekara uku ta yi tana haƙuri da shi kafin wannan rana. Ka tambayi kanka ko a Old Trafford za a ba sabon ɗan baya ko da wata uku.

A nan gizo ke saƙar. In ka bi tarihin waɗanda manyan ƙungiyoyi suka ɗauko kai-tsaye daga MLS, babbar gasar ƙwallon Amurka, labarin kusan iri ɗaya ne. Chelsea ta sayi Matt Miazga daga New York Red Bulls a Janairun 2016. Wasa biyu ya buga mata a Firimiya. A na biyun, da Swansea, ana zuwa hutun rabin lokaci aka cire shi, bai sake sa rigar a gasa ba. Daga nan sai yawon aro: Vitesse, Nantes, Reading, Anderlecht, Alaves, har 2022 da ya koma gida. Abin ban sha'awa, a 2023 shi aka zaɓa gwarzon ɗan baya na MLS a Cincinnati, wato ba iyawa ce ya rasa ba, matakala ya tsallake. Manchester City ta ɗauki Erik Palmer-Brown a 2018, bai buga mata ko wasa ɗaya ba. DeAndre Yedlin sau ɗaya ya shiga wa Tottenham a Firimiya, sai da ya je Sunderland aro, ya kuma bi Newcastle zuwa Championship, gasar rukuni na biyu, sannan ya zama ɗan wasan da ake dogaro da shi. Arsenal ta sayi Auston Trusty daga Colorado Rapids, wadda ita ma ta Kroenke ce, ta ba Birmingham aronsa, ta sayar wa Sheffield United da riba ba tare da ya buga mata wasan gasa ba. Wannan ciniki ne, ba gina baya ba. Shi kuma ya faɗa cikin ƙungiyar da aka zura wa ƙwallo 104 a kaka ɗaya, kafin Celtic ta cece shi.

Me ya sa haka? Babban dalili a ganina shi ne a MLS ba a faɗuwa daga gasa. Ƙungiya za ta ƙare a ta ƙarshe, baɗi ta dawo kamar ba a yi komai ba. Ɗan bayan da ya tashi a haka bai taɓa ɗanɗana wasan da kuskure ɗaya zai jawo a rage wa ma'aikatan ƙungiya albashi ba. Na biyu, saboda ƙa'idar kayyade albashi, ƙungiyoyin can suna zuba manyan kuɗinsu a kan 'yan gaba da masu lamba goma, baya kuma a haɗa ta da abin da ya saura. Wasan yakan buɗe, a yi ta gudu sama da ƙasa, don haka yaro mai sauri da ƙarfi yana iya gyara kuskuren tsayuwarsa da gudu. A Firimiya kafin ka juya an wuce ka. Na uku shi ne kalanda. An saba fara kakar MLS a Fabrairu a ƙare a Disamba, wanda aka saya a Janairu yana zuwa ne daga hutu ya tarar da mutane a tsakiyar yaƙi. Hukumar gasar ta yanke shawarar sauya wannan daga 2027 don ta dace da Turai, kuma hakan zai sauƙaƙa ciniki sosai.

Yanzu ka dubi waɗanda suka yi nasara, za ka ga Fulham ce ta fi kowa sanin sirrin, tun zamanin Carlos Bocanegra da ya zo a 2004. Tim Ream ya zo Bolton a Janairun 2012, wata huɗu bayan nan ƙungiyar ta faɗi. Ya zauna a Championship shekara da shekaru, gasar da ake buga wasa 46 a kaka, Asabar da Talata, cikin sanyi da ruwa. Ya koma Fulham a 2015, ya hau da ita sau uku, ya faɗi da ita sau biyu. Mutane da yawa, har da ni, mun yanke cewa ba shi da saurin Firimiya. Sai ga shi yana ɗan shekara 35 ya yi kakar da ta fi kowace kyau a rayuwarsa, Fulham ta ƙare ta goma, ya kuma buga kowane minti na wasannin Amurka a Katar, har da canjaras ɗin da suka yi da Ingila babu ci. Ɗan Najeriya Calvin Bassey ne ya gaji gurbinsa daga baya.

Antonee Robinson kuwa, wanda abokinka zai iya kawo maka a matsayin hujja, Ba'amurke ne ta wajen uba kawai. A Milton Keynes aka haife shi, Everton ta raine shi, ya goge a Bolton da Wigan. A Janairun 2020 har ya isa Italiya zai sa wa AC Milan hannu, gwajin lafiya ya nuna bugun zuciyarsa ba daidai yake ba, ciniki ya watse. Bayan 'yan watanni Wigan ta shiga matsalar kuɗi ta faɗi, Fulham ta ɗauke shi a kan kusan fam miliyan 2. A kakar 2024/25 sau goma ya ba da ƙwallo aka ci a Firimiya, yana buga baya ta hagu, sau da yawa Alex Iwobi na gabansa. Amma in kana son ganin lagonsa, koma wasan Amurka da Holan a Katar: minti na 81, Blind na Holan ya ɗago ƙwallo, Robinson ya matsa ciki, Dumfries yana tsaye shi kaɗai a bayansa kamar mai jiran mota, ya buga ta shiga. Mai yawan hawa gaba yakan bar ƙofa a buɗe.

Akwai kuma batun takarda, wanda masu musu ba su cika kula da shi ba. Tun Janairun 2021 da Birtaniya ta kammala fita daga Tarayyar Turai, duk ɗan wasan waje sai ya samu amincewar hukumar FA, ko dai ta yawan wasannin da ya buga wa ƙasarsa, ko ya tara maki 15 daga ƙarfin gasar da yake ciki da mintocin da ya buga. Wannan ya taimaki Amurkawa, domin yanzu layi ɗaya suke bi da Bafaranshe ko Bajamushe. A 2023 an ƙara sassautawa, aka ba ƙungiyoyi 'yan gurabe na waɗanda makinsu bai kai ba. Amma a jerin 'yan wasa 25 da ƙungiya ke miƙawa, 17 kaɗai za su iya zama waɗanda ba a raina a Ingila ko Wales ba. Shi ya sa irin Robinson da Cameron Carter-Vickers, wanda Tottenham ta raina kafin ya zama ginshiƙi a Celtic, suke da wata daraja ta daban: ba sa cin gurbin baƙo.

Da ni ne mai nemo wa ƙungiyar tsakiyar teburi 'yan wasa, ba jirgin Amurka zan hau ba, na Jamus ko Faransa zan hau. Joe Scally ya fara buga wa Borussia Monchengladbach yana ɗan shekara 18 a 2021, ya haura wasa ɗari a Bundesliga, yana buga dama yana buga hagu. Ba mai ƙayatarwa ba ne, amma irin wanda koci ke kwana da kwanciyar hankali a kansa. Mark McKenzie ya yi shekara uku da rabi a Genk, har da ranar da Alderweireld na Antwerp ya ci ƙwallon da ta ƙwace musu kofin gasar Beljiyam a mintin ƙarshe a 2023, sannan ya koma Toulouse a 2024. Sergino Dest kuma, duk da sunan Ajax da Barcelona a takardarsa, ban ga ya dace da Ingila ba: gwani ne da ƙwallo a ƙafa, amma tsaron baya ba shi ne abin da ya fi so ba, ga kuma tsinkewar jijiyar gwiwa da ya yi a 2024. Ko girman jiki ma ba ya wadatarwa. Oguchi Onyewu, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ƙato ne na gaske, amma rabin kaka ya yi a Newcastle a 2007 ba su riƙe shi ba.

Don haka ka koma ka ce wa abokinka ka yarda Richards zai samu riga a bayan United, shi kuma ya yarda cewa Bayern da Hoffenheim da haƙurin Palace ne suka ƙera shi. Maganar araha kuma ya bar ta, Palace ba za ta sayar da shi a kuɗin da ta sayo shi ba.