Filtar mai: amsoshin wasiƙunku

Wani matashi daga Kuseri ya rubuto: "Filtar motata ta toshe. Abokina ya ce in cire ta in haɗa tiyo da tiyo, shi ma haka ya yi kuma motarsa na tafiya lafiya. In yi?"

A'a. Kai da ke shan man kwalba a bakin titi, filtar nan ce kaɗai ta raba laka da nozul ɗinka, wato 'yan bakunan da ke fesa mai cikin inji. Abokin naka kuwa, ka sake tambayarsa bayan damina.

Wata baiwar Allah daga Garwa ta ce: "Motar da maigidana ya bar mana ce, da ita nake kai yara makaranta. A cikin gari lafiya lau, amma da muka je Ngaundere, a hawan dutsen nan na bayan Mbe sai ta riƙa shaƙewa tana fizga. Makanike ya ce sai an sauke inji. Ko barci na kasa."

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya yaran. Ki kwantar da hankalinki, kuma kada ki yarda a kwance ko noti ɗaya na injin tukuna. Motar da ke tafiya sumul a fili, sai ta ga tudu ta fara haki, sau da yawa ƙishirwa ke damunta. A hawa inji na neman mai da yawa, filtar da ta cika da datti kuwa kaɗan-kaɗan take bari ya wuce. A fara da ita, a duba fulogi, a auna ƙarfin fanfon mai. A wasu motocin filtar tana cikin tanki haɗe da fanfo, don haka kada gabanki ya faɗi in kin ga sun ɗaga kujerar baya. Ki ce a zazzage tsohuwar a kan farar takarda a gabanki. In baƙin ruwa da tsatsa suka zubo, mai yiwuwa kin ga ɓarawon.

Direban tasi daga Marwa: "Filta biyu aka nuna mini, kwali iri ɗaya, ɗaya jaka ɗaya da rabi, ɗaya jaka shida. Yaron gareji ya ce duk ɗaya ne. Maɗaurin tiyon ma ya lalace, ya ce zai ɗaure da waya."

Ƙanena, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na san aljihu ya yi zafi. Litar fetur da muka saba saya sefa 630 a gidan mai ta koma 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga na Najeriya da muke fakewa da shi, shi ma ya tashi tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023. Amma ka tsaya ka tuna hanyar da man nan ya biyo kafin ya shiga tankinka: duro, jarka, bayan babur, mazurari, kwalbar da ta yini a buɗe cikin ƙurar hunturu. Mutumin da ke zuba wannan a mota shi ne na ƙarshe da ya kamata ya yi rowar filta.

Filtocin nan biyu ba ɗaya ba ne. Na sha yanka su da zarto don in nuna wa yara. Ta ƙwarai, takardar cikinta a ninke take ƙamƙam, ninki kan ninki, an manne ta sama da ƙasa. Ta jabu, ninkin tsiraru ne, gam ɗin kuma fetur ke narkar da shi, takardar ta saki, datti ya bi ta gefe ya wuce salin alin. Motar ba za ta yi ƙorafi ba sai ranar da nozul suka toshe, ranar kuwa jaka shida wasa ce. Kwali ba shaida ba ne, kwali ai bugawa ake yi. Tsada ma ba shaida ba ce, akwai marar tsoron Allah da zai sayar maka da jabun a farashin ta ƙwarai. Ka je da tsohuwar, ka gwada lamba, ka ɗaga su biyu a hannu ka ji nauyi, ka saya a wurin wanda za ka iya komawa shagonsa gobe.

Maganar waya kuwa, kul! Motar nozul tana tura mai da ƙarfin da ya kai kamar bar 3 a ma'aunin matsi, ya fi iskar da ke cikin tayarka. Waya yanka tiyo take yi a hankali, robar tub kuma fetur ke cinye ta. Wannan 'yar filtar roba da ake hango mai a cikinta ta kabireta ce da babur, inda ƙarfin bai kai rabin bar ba. A sa sabon kolye, wato maɗaurin tiyo na ƙarfe, a mayar da filtar cikin mariƙinta a ɗaure, kada a bar ta tana reto. Hanyar Mora zuwa Dabanga kaɗai ta isa ta kwance duk abin da aka ɗaure da "Allah ya kiyaye", kuma salansa mai zafi tana nan kusa tana jira. Na ga tasi ta ƙone ƙurmus a kan abin da bai kai kuɗin shayi da burodi ba, direban yana tsaye da takalmi ƙafa ɗaya.

Ka tsaya a kan yaron garejin yana aikin. Inji ya huce, ba sigari, ba murhun mai shayi a kusa. A cire fiyus ɗin fanfo, a tayar da mota har ta mutu da kanta don ƙarfin man ya sauka, sannan a cire kan batir. Akwai kibiya a jikin filtar, ta kalli wajen inji. In mai noti ce, wasoshin jan ƙarfen nan sababbi za a sa. In an gama, a murɗa makulli sau biyu ko uku ba tare da an tayar ba, a shafa farin tsumma a kowace mahaɗa, a tayar a sake shafawa.

Mai Hilux daga Njamena yana tambaya kan fitilar filta da ta kama masa, ko sai ya sayi sabuwa. Ba lalle ba, Alhaji. Galibi ruwa ne ya taru a gindinta, tunda ruwa ya fi gazuwal, wato man dizal, nauyi. Sassauta magudanar da ke ƙasa, ka danna fanfon hannun da ke sama har gazuwal zalla ya fito, ka ɗaure. In fitilar ta dawo cikin 'yan kwanaki, a sauke tanki a wanke, kuma ka canza inda kake shan mai.