Tsutsar ciki da tana ba ɗaya ba ne

Malama, kin tambaya ko tsutsar da yaronki ya kasayar ita ce tanar da ke fitowa tsakar gida bayan ruwan sama, tunda ba ya rabuwa da wasan ƙasa. A'a, kama da wane ba ta wane.

Ki ɗauki tana ki duba da kyau. Jikinta gaɓa-gaɓa ne kamar an jera zobba, kusa da kai kuma akwai wata kumburarriyar ɗamara, da ita take yin kwanson ƙwai. Masana sun sa ta a rukunin Annelida, ita da matsattsaku gida ɗaya. Da fata take numfashi, shi ya sa in rana ta ritsa da ita a kan siminti sai ta bushe ta mutu. Kowace tana tana da gaɓoɓin namiji da na mace a jikinta.

Ita kuwa tsutsar cikin, Ascaris, 'yar rukunin Nematoda ce: sumul take, babu zobba, mace daban namiji daban. Macen kan kai santimita 35, ta zuba ƙwai wajen 200,000 a rana. Tun 1683 wani likitan Ingila, Edward Tyson, ya feɗe ta ya nuna ba tana ba ce.

Zarginki ga ƙasar dai bai faɗi ƙasa ba. Ƙwan yana cikin ƙasar da kashi ya gurɓata, hannu ne ke kai shi baki. Ki kai yaron asibiti a ba shi maganin tsutsa, a riƙa wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci abinci.